ADDININ KIRISTA DA SHA'ANIN MULKI: LABARIN LIMAMIN DA YA RABA GARDAMA A BENIN



Akwai wata tambaya da kan tashi a majalisar dattawa, ko a inuwar kasuwa in an gama ciniki. Shin ya dace malamin addini ya sa baki cikin sha'anin mulki? Wasu su ce a'a, ya tsaya wurin ibadarshi. Wasu su ce, in ya yi shiru, wa zai gaya ma masu iko gaskiya? Tambayar nan ba Musulmi kaɗai ta dama ba. Kiristoci ma sun daɗe suna fama da ita. A wannan wata za mu duba yadda abin yake a wurinsu. Ba za mu tafi nesa ba. Za mu ƙetare kogin Kwara daga Gaya zuwa Malanbil, mu shiga ƙasar Benin, mu ji abin da ya faru can a shekara ta 1990.

MI ADDININSU YA KOYA MASU?

Cikin Linjila akwai labarin wata rana da aka zo ma Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa, da tambayar tarko. A lokacin Rumawa ke mulkin ƙasar, suna karɓar lanho. Aka tambaye shi ko ya halatta a biya. In ya ce a biya, jama'a su ce ya bi baƙi masu mulki. In ya ce kada a biya, a kai ƙararshi wurin gwamna. Sai ya sa aka kawo tsabar kuɗin, ya nuna masu hoton sarkin Rum a jikinta. Amsar da ya ba su ta raba haƙƙi gida biyu: sarki na da nashi, Allah kuma na da nashi.

Daga nan Kiristoci suka riƙe igiya biyu. Ta farko ita ce a bi hukuma, a biya haraji, a yi ma shugabanni addu'a. Wasiƙun manzo Bulus sun yi gargaɗi da haka. Ta biyu ita ce sarki ba Allah ba ne. In hukuma ta umarci abin da Allah ya hana, ba a bin ta. Igiyoyin nan biyu ba kullum suke ja wuri guda ba. Shi ya sa kowane zamani sai an sake tambayar: yaushe za a bi, yaushe za a ce a'a?

Kiristoci ƙungiya-ƙungiya ne. Mafi yawa su ne Katolika, masu bin Paparoma na birnin Roma. Limaminsu shi ne muke ce ma mompera. Wanda ke bisa limaman yanki guda ana kiran shi bishop. Cocin Katolika na da littafin dokoki nata, wanda aka sabunta a 1983. Dokar ta hana liman riƙe muƙamin mulki. Ta kuma hana shi shiga aikin jam'iyyar siyasa, sai da izini na musamman daga magabatanshi. Amma sauran mabiya, manoma da ƴan kasuwa da ma'aikata, an ƙarfafa masu su yi zaɓe, su tsaya takara, su riƙe amana.

Dokar nan na da dalili. A ƙasar Kwango Barazabil an yi wani liman mai suna Fulber Yulu. Ya shiga takara a 1956, magabatanshi suka dakatar da shi daga limanci, amma bai tuɓe doguwar rigar ba. Ya zama shugaban ƙasa na farko. A 1963 ya so ya kafa jam'iyya ɗaya tilo. Ma'aikata suka fito titi kwana uku cikin watan Agusta, dole ya sauka. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa.

YADDA BENIN TA SHIGA UKU

Da can sunan ƙasar Dahome. Ta samu ƴancin kai ran 1 ga Agusta 1960, kwana biyu kafin Nijar. Amma ba ta zauna lafiya ba. Manyan ƴan siyasa uku ne, kowa da yankinshi: ɗaya arewa, ɗaya Abome, ɗaya Porto Nobo. Sojoji suka yi ta kifar da gwamnati, a 1963, 1965, 1967 da 1969. Ran 26 ga Oktoba 1972 wani hafsa ɗan arewa, Matiyu Kereku, ya karɓi mulki.

A 1974 Kereku ya ce ƙasar za ta bi aƙidar gurguzu irin ta Rasha. A 1975 ya sake mata suna, ta koma Benin, ya kafa jam'iyya ɗaya. Gwamnati ta karɓe bankuna da manyan kamfanoni. Ta karɓe lakwal-lakwal ɗin mishan. Aka tsananta ma masu addinin gargajiya da sunan yaƙi da maita. Wani liman, Alfons Kenum, aka yanke mashi hukuncin kisa a 1975. Ba a kashe shi ba, amma ya yi shekaru wajen tara a gidan kaso. Masu adawa da yawa aka kulle su a garin Segbana, can arewa maso gabas.

Shekaru masu yawa manyan coci ba su ɗaga murya sosai ba. Sun zaɓi lallaɓawa, don kada a rufe masu wuraren ibada. Har yau akwai masu ganin shirun nan ya yi tsawo.

Zuwa 1988 asusun gwamnati ya bushe. Bankunan gwamnati suka karye, mutum na da kuɗi a banki amma ba ya iya fitarwa. Ma'aikata suka yi watanni babu albashi. A 1989 malaman lakwal da ɗalibai suka shiga yajin aiki, shekarar karatu ta lalace. Ku tuna da abin da kan faru a gida in rumbu ya ƙare tun kafin damina. Haka ƙasar ta zama.

Cikin azumin Kiristoci na 1989, bishop-bishop na Benin suka rubuta wasiƙa ga jama'a, aka karanta ta a majami'u. Sun faɗi cin hanci, da satar dukiyar ƙasa, da son kai. Amma ba su ɗora laifin bisa gwamnati ita kaɗai ba. Sun ce kowa na da nashi kason, babba da yaro, kowa ya tuba ya gyara. Ba su kira sunan wata jam'iyya ba, ba su ce a ɗauki makami ba. Wannan ya sa kowane ɓangare ya ga zai iya zama da su.

KWANA GOMA A KWATANO

A watan Disamba 1989 Kereku ya bar aƙidar gurguzu. Ya kira babban taron ƙasa. Aka buɗe shi ran 19 ga Fabrairu 1990 a wani otel na birnin Kwatano. Wakilai kusan 500 suka zo: sojoji, ma'aikata, ɗalibai, manoma, shugabannin addinai, tsofaffin shugabannin ƙasa, da waɗanda suka dawo daga gudun hijira. Wasunsu sun sha ɗauri. Wasunsu su ne suka yi ɗaurin. Ga su a zaure guda.

Wa zai shugabanci irin wannan taro? In aka ɗauki soja, farar hula ba su yarda. In aka ɗauki ɗan wani yanki, sauran su tashi. Sai aka zaɓi bishop Isidor de Suza. An haife shi a garin Wida a 1934. A lokacin shi ne mataimakin babban bishop na Kwatano. Ba shi da jam'iyya. Ba shi da bindiga. Abu mafi girma kuma, kowa ya san ba ya neman kujerar, kuma dokar cocinshi ma ta hana shi.

Ku dubi filin kokowa. Alƙali na tsakiyar fili, yana ganin kowane kamu, ana jin maganarshi. Amma ana jin ta ne don shi bai ɗaura ɗamara ba, ba shi za a ba takobi ba. Ranar da ya ɗaura ɗamara, babu mai sake yarda da hukuncinshi.

Aka sa taron a rediyo, ƙasa duka na saurare. Mutane suka faɗi abin da suka daɗe suna haɗiyewa. Ran 25 ga Fabrairu wakilai suka yanke shawara mai nauyi. Suka ce taron ne ke da iko na ƙarshe, abin da ya zartar dole a yi shi. Kereku da mutanenshi suka ga wannan juyin mulki ne na farar hula. Wasu hafsoshi suka fusata. Birni ya cika da tsoro, ana jin kowane lokaci sojoji na iya kewaye zauren.

A nan ne aikin de Suza ya fito. Ya riƙa kai da kawo tsakanin zauren taro da fadar shugaban ƙasa. A zaure yana kwantar da masu zafin rai, yana roƙon kada a zubar da jinin kowa. A fada yana nuna ma Kereku cewa akwai hanyar sauka ba tare da wulaƙanci ba. Ran 28 ga Fabrairu, ranar rufewa, Kereku ya zo da kanshi. Ya amince da duk abin da taron ya zartar.

MI YA BIYO BAYA?

Taron ya bar Kereku bisa kujera na shekara guda, amma ya rage mashi iko. Ya naɗa faraminista, Nisefor Soglo, wanda ya taɓa aiki a Bankin Duniya. Ya kafa majalisar riƙon ƙwarya, de Suza na shugabancinta. Ran 2 ga Disamba 1990 jama'a suka jefa ƙuri'a, suka amince da sabon kundin tsarin mulki.

Ku lura da abu guda. Bishop ne ke bisa majalisar, amma kundin bai mai da addinin Kirista addinin gwamnati ba. Ya ce gwamnati ba ta wani addini ba ce, ta kowa ce. A Benin Kiristoci kusan rabi ne. Musulmi sun ɗara kashi ɗaya cikin huɗu, bisa ƙidayar 2013. Akwai kuma masu addinin gargajiya da ake kira Bodun. Da an fifita ɗaya, da sauran sun zama baƙi a ƙasarsu.

A watan Maris 1991 aka yi zaɓe. Soglo ya kada Kereku, ya samu wajen kashi biyu cikin uku na ƙuri'u. An samu tashin hankali a Paraku, mutane suka yi fargaba ko Kereku zai miƙa mulki. Majalisar de Suza ta ba shi kariya, ta ce ba za a kai shi gaban shari'a ba kan abin da ya wuce. Ya sauka. Ba a yi yaƙi ba.

Shawarar nan ba kowa ta yi ma daɗi ba. Waɗanda aka azabtar a gidan kaso, da iyalan waɗanda suka mutu, sun ce an sayi zaman lafiya da haƙƙinsu. Maganarsu na da nauyi. Addinin Kirista na girmama gafara, amma yana kuma kiran adalci. Wanne za a sa gaba in ba a iya samun su tare? De Suza ya zaɓi hana zubar jini. Gardamar ba ta mutu ba.

Shi kuwa bai nemi komi ba. Ya riƙe majalisar har aka kafa kotun tsarin mulki a 1993, ya koma aikinshi na coci. Ya rasu ran 13 ga Maris 1999.

RANTSUWAR DA AKA SAKE

Labarin bai ƙare nan ba. Bayan saukarshi Kereku ya shiga addinin Kirista da ƙarfi, cikin majami'un da ba na Katolika ba. A 1996 ya tsaya takara, ya ci zaɓe, ya dawo ta hanyar ƙuri'a. Rantsuwar da kundin ya tsara ta ambaci Allah, ta ambaci ruhohin kakanni, ta ambaci al'umma. Ranar rantsuwa Kereku ya tsallake wurin kakanni, don bai dace da sabon imaninshi ba. Aka kai ƙara. Kotun tsarin mulki ta ce rantsuwar ba ta cika ba. Bayan kwana biyu ya sake ta, ya faɗi kalmomin duka.

Abin ƙarami ne a ido, amma ya nuna iyaka. Imanin shugaba nashi ne, babu mai hana shi. Kujerar kuwa ta jama'a duka ce, tana da dokarta. Kereku ya yi wa'adi biyu, ya sauka a 2006, ya rasu a 2015.

LIMAN BA LAYA BA NE

Da aka ga abin da ya faru a Kwatano, ƙasashe da dama suka kwaikwaya. A Gabon, da Kwango Barazabil, da Togo, da Zayir, duk bishop aka ba shugabancin taron ƙasa. Amma ba a samu amfani iri ɗaya ba. A Togo, Eyadema ya riƙe mulki har ya mutu a 2005. A Zayir, da Mobutu ya rufe taron, Kiristoci suka fito daga majami'u ran 16 ga Fabrairu 1992, suna tafiya cikin lumana don a sake buɗe shi. Sojoji suka buɗe wuta, mutane da dama suka mutu a Kinshasa. Mobutu ya zauna har 1997. Kwango Barazabil kuwa ta faɗa yaƙin basasa. Mai raba gardama na cin nasara ne in masu gardamar sun yarda a raba su.

Akwai kuma misali mai ban tsoro, na ƙasar Ruwanda. Can mafi yawan jama'a Kiristoci ne. Babban bishop na Kigali ya yi shekaru da yawa yana cikin kwamitin ƙoli na jam'iyyar da ke mulki. Coci da fada suka zama kamar ɗaki da zaure. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi mashi aski. Da aka fara shuka ƙiyayya ga ƙabilar Tutsi, manyan coci ba su tsawata yadda ya kamata ba. A 1994, cikin kwana ɗari, aka kashe mutane wajen 800,000. Dubbai sun gudu cikin majami'u neman mafaka, aka kashe su can ciki. Akwai limamai da suka mutu suna kare mutane. Akwai kuma waɗanda kotu ta kama da hannu cikin kisan. A 2016 bishop-bishop na Ruwanda suka nemi gafara. A 2017 Paparoma Faransis shi ma ya nema.

Ku auna biyun. A Benin liman ya tsaya kusa da jama'a, nesa da kujera, maganarshi ta yi amfani. A Ruwanda ya zauna gefen kujera, ranar da aka buƙaci muryarshi ba a same ta ba.

MU FA A NAN NIJAR?

Iskar Kwatano ta iso mu ma. Namu babban taron ƙasa, wanda muke ce ma gamin gambiza, an yi shi a Yamai daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991. Malamin tarihi ne ya shugabance shi, Farfesa Andre Salifu, haifaffen Damagaram.

Kiristocin Nijar kaɗan ne. Ƙidayar 2012 ta nuna ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Ba su da yawan da za su ci zaɓe da sunan addini. Hanyar da suka fi shiga sha'anin jama'a ita ce hidima. Asibitin Galmi, tsakanin Ƙonni da Madawa, ƴan mishan suka buɗe shi a 1950, kuma yawancin masu zuwa magani Musulmi ne. Haka asibitin Danja kusa da Maraɗi. Sassaben zamani da manoma da yawa suka sani, wato barin tohon itace cikin gona ana yi mashi aski har ya girma, wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Toni Rinaudo, yana cikin waɗanda suka yaɗa shi a ƙasar Maraɗi tun 1983.

Mun kuma ga ranar baƙin ciki. Ran 16 da 17 ga Janairu 2015, bayan wata jaridar Faransa ta buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah, zanga-zanga ta rikiɗe a Damagaram da Yamai. Aka ƙone majami'u masu yawa, mutane 10 suka rasa rayukansu. Kiristocin da aka ƙone ma wuraren ibada ƴan ƙasa ne, ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Maƙwabta Musulmi sun ɓoye wasu cikin gidajensu. Shugabannin coci suka yi kiran haƙuri da yafiya, ba su kira ramuwa ba. Da Katolika suka rufe lakwal-lakwal da ɗakunan shan maganinsu na ɗan lokaci, ƴaƴan Musulmi na cikin waɗanda suka zauna gida. A nan muka gane cewa rijiya guda muke sha.

ABIN DA ZA MU RIƘE

Na farko: mai addini ɗan ƙasa ne. Yana da haƙƙin magana in an ci amanar talaka, ko an taɓa ran ɗan Adam. Shirun da ya wuce kima shi ma laifi ne.

Na biyu: maganarshi na da daraja muddin ba ya neman kujera, ba ya kuma cin abincin mai kujera.

Na uku: hukuma ta kowa ce. Mai rinjaye a nan, shi ne marar rinjaye a wata ƙasa. Yadda kake so a riƙe ɗan uwanka can, haka za ka riƙe maƙwabcinka nan.

Ƴan uwa, ku karanta wannan labari a cibiyar yaƙi da jahilci, ku karanta ma waɗanda ba su iya ba tukuna. Ku tattauna. A garinku, in rikici ya tashi tsakanin manomi da makiyayi, wa ake kira ya raba? Mi ya sa ake yarda da shi? Kuma in da ku ne wakilai a Kwatano, za ku yafe ma Kereku, ko za ku kai shi gaban alƙali? Ku rubuto mana ra'ayinku da hannunku, za mu buga.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.